Digiri Kafin Digiri

Ɗan birnin Zariya da ya ci burin yin digiri na biyu a Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, yakan fara da wani karatun da babu shi a manhaja: tara takardu. Sakamakon digirin farko, shaidar bautar ƙasa, wasiƙun malaman da za su tsaya masa, rasidin Remita, kowanne da kwafinsa.

In ya nemi tallafin karatu na jihar Kaduna, sai ya kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Mutumin da aka haifi kakansa a Kwarbai, wanda mai unguwa ya ci naman sunansa, shi ne zai je da hoto ya tabbatar Bazazzagi ne. Kuɗin TETFund kuwa na malaman manyan makarantun gwamnati ne, kallo ne nasa.

Saura masauki. Mai karatun lauya ya huta, harabar jami'ar ta Kongo, inda yake karatu, kusa take. Na harabar Samaru zai cike fom, ya jira, ya tambayi kuɗin haya, ya yi salati, ya koma ɗakin samari a gidansu, inda haya ba ta wuce gaida Baba da safe ba. Abin da ya tsirar, kuɗin mota daga Ƙofar Doka zuwa Samaru ne ke cinye shi.