Takunkumi da Gemun Maigida

Tun da Colin Sullivan, likita ɗan Ostireliya, ya fito da na'urar CPAP mai hura wa mutum iska ta takunkumi a 1981, masu ɗaukewar numfashi cikin barci suka samu sauƙi, matansu kuma suka huta da minshari. Rigimar da ta rage ta takunkumi ce.

Mafi sauƙi shi ne mai 'yan kawuna biyu da ke zama a ƙofar hanci, amma fa sai ka iya barci baki rufe. In kana hangame shi, iskar da ta shiga ta hanci ta baki za ta fice, ka tashi maƙogwaro ƙamas. Sai a ba ka mai rufe hanci da baki. Nan kuma gemu zai ce bai san zancen ba: iska ta riƙa sulalewa tsakanin gashi tana fito kamar butar shayi.

Da hakan ta faru da Maigida, sai ya fusata ya tamke maɗauri tamau. Alhali robar takunkumin ɗan sarari take so, ta kumbura ta kama fuska da kanta. Yoyo ya ƙaru, gari ya waye da jan shati a karan hanci, ana fitowa daga sallar asuba maƙwabta na ta yi masa jaje, wai ko faɗuwa ya yi.