Bazazzage Zai Yi wa Bebe Kiɗa

Bawana Bazazzage, labari ya iso Kano wai ka jingine kiɗan biki, ka rungumi piyanonka za ka tsara wa Metropolis sabon kiɗa. Me ya haɗa Bazazzage da fim ɗin da ba a magana a cikinsa? Mutumin da ko a zaman makoki sai an taka masa ƙafa yake yin shiru!

Tunda ka ɗauko Dala ba gammo, bari ubangidanka ya gaya maka nauyinta. Fritz Lang ya fitar da fim ɗin nan a Jamus a 1927, kuma da kiɗansa ya fito. Gottfried Huppertz ne ya rubuta shi, har ma tun ana ɗaukar fim ɗin yakan zauna gefe yana buga wa 'yan wasa piyano. Daga baya 'yan kasuwa suka datse fim ɗin, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya salwanta, sai a 2008 aka tsinci wani tsohon kwafi a gidan adana finafinai na Buenos Aires, a Ajantina, ɗauke da kimanin minti 25 da aka fid da rai da su. Da masu gyara suka zo jera fitowa-fitowa, takardun kiɗan Huppertz na cikin abin da ya nuna musu gurbin kowace. Kai fa, ko abin da ka buga jiya a Tudun Wada an ce ka maimaita, sai ka ce wuta ce ta ɗauke maka shi.

Ni damuwata ita ce na san hannunka. Akwai inda ma'aikata suke jerowa sahu-sahu za su gangara ƙarƙashin ƙasa, kai a sunkuye, kafaɗa a sake, takunsu ɗaya. Wajen nan kiɗa mai nauyi yake so, mai jan ƙafa, wanda zai sa ɗan kallo ya ji gajiyar a gadon bayansa. Kai kuwa da ka ga mutane sun yi layi, kiɗan ƙauyawa za ka danna musu. In aka zo inda Mariya ta bogi, mutum-mutumin nan na ƙarfe da aka ba shi fuskar mace, take rawa gaban attajirai idanunsu kamar su faɗo, ai shi ke nan, makirufo za ka jawo ka shiga kirari kana jiran liƙi. Ba a liƙi a silima, bawan Allah.

Kada ka ce ai Giorgio Moroder ma da na'ura ya yi nasa a 1984. Ya yi, har ya ɗauko su Freddie Mercury da Bonnie Tyler suka rera. Samari sun so abin, amma sai da aka sa shi cikin jerin masu takarar kyautar kiɗan fim mafi muni. Shi ma surutu ne ya yi masa yawa: fuskar ɗan wasa ta gama faɗin abu, waƙa kuma ta zo tana sake faɗa.

Sannan ga ranar wasa. Awa biyu da rabi idonka na kan allo, fim ba ya jiran makaɗi, in ƙofa ta rufu kafin bugunka ya sauka dariya za a yi. Carl Davis a 1980 ya ja ƙungiyar makaɗa kusan awa biyar a Landan yana bin fim ɗin Napoléon na Abel Gance. Kai minti ashirin kake yi ka fara leƙen kular jalof.

Amma ba zan bar bawana ba sana'a ba. Zamanin Turawa in motar majigi ta tsaya ƙofar fada, akwai wanda ake ba lasifika yana yi wa jama'a bayanin abin da ke kan allo, kuma Japanawa ma sun yi irinsu, benshi, har wasu sun fi 'yan fim ɗin suna. Wannan kujerar taka ce tun daga haihuwa. Ka bar wa wani piyanon, ka zo Kano mu gwada ka, kuma ka taho mini da kuɗin sharata na bara.