In Taminato Ya Sauka A Tashar Kawo

Duk majalisar da aka tayar da zancen mutum-mutumi zai ƙwace duniya, ka duba waɗanda suka fi kowa dariya. Yaran nan ne masu rubuta manhaja, masu goyon kwamfuta a jaka, waɗanda gari ke waye musu da azahar. Mai shayi zai yi salati, malamin makaranta zai nemi tsari, su kuwa har da riƙe ciki. Wanda ya raba dare yana laluben waƙafi guda da ya ɓace a cikin layi dubu, ba ka tsorata shi da labarin na'urar da za ta yi tunani ta kifar da gwamnati.

Tsoron ma shigo da shi aka yi. A 1984 James Cameron ya fitar da fim ɗin Terminator, inda Arnold, wanda muka fi sani da Kwamanda, ya fito a ƙarfe mai fatar mutum, wata kwamfuta mai suna Skynet ta aiko shi ya kashe mace ɗaya. A 2010 Indiyawa suka kawo nasu, Chitti na Rajinikanth, mai haddace littafi da kallo ɗaya, mai karɓar haihuwa, har da neman ƙwace wa maigidansa budurwa. A 2017 Saudiyya ta ba wata mutum-mutumi mai suna Sophia shaidar zama 'yar ƙasa, abin da wasu takari suka tsufa a Makka suna nema ba su samu ba.

Abin da ke ba masu manhaja dariya shi ne, a fim ba a taɓa nuna Taminato ya ƙame a tsakiyar faɗa yana jiran sabuntawa ta kammala ba. A zahiri kuwa, kumbon da hukumar NASA ta aika duniyar Mars ya salwanta a 1999, saboda masana wani ɓangare sun yi lissafi da ma'aunin fam, ɗaya ɓangaren da na mita, tamkar ka yi ciniki da mudu a auna maka da tiya. A 2017 wani mutum-mutumi mai gadi a birnin Washington ya taka ya faɗa kwamin ruwa, ba wanda ya tura shi. Ranar 19 ga Yulin 2024 kuma, gyara guda da kamfanin CrowdStrike ya tura ya sumar da kwamfuta kusan miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi. Waɗannan ne fa za su mallake mu.

To, mu ɗauka Taminato ya tsallake duk wannan, ya sauka a tashar Kawo da jan idonsa. Matsalarsa ta farko caji. Da a ce cikin Oktoban 2024 ya zo, lokacin da layin wutar Shiroro zuwa Mando ya lalace Arewa ta yi kwana da kwanaki a duhu, da a rumfar mai cajin waya za a same shi, an liƙa masa lamba a goshi da salatef, an jingine shi tsakanin Tecno da Itel, yaron shago yana cewa babban batir kuɗinsa daban.

Sai neman gida. A fim littafin lambobin waya ya buɗe, ya ga mata uku masu suna ɗaya, ya bi su bi da bi. A nan zai ce yana neman wance, a ce masa ai ba a san ta da wannan sunan ba, ko Maman Abba yake nufi? Daga Unguwar Dosa zuwa Badarawa kuwa babu layin da ba Maman Abba. Mai kwatance zai ce ya bi titin Ali Akilu, in ya wuce inda tsohon gidan man nan yake a da, ya sha kwana daidai bishiyar da aka sare. Kafin nan ma sai ya amsa ina kwana, ina gajiya, ya iyali, ya sanyi, sannan a sake ɗauko ina gajiya daga farko. Duk mai manhaja ya san makomar na'urar da ta shiga zagayen da ba a yi masa ƙofar fita ba.

A 1942 Isaac Asimov ya tsara wa mutum-mutumi dokoki uku, ta biyu ta ce ya bi umarnin ɗan Adam. Asimov bai zauna a gidan yawa ba. Alhaji zai ce a wanke mota, uwargida ta ce a kai niƙa, amarya ta ce yau girkinta ne saboda haka nata ne, maƙwabta kuma su aiko yarinya wai a ara musu shi na kwana biyu, suna da suna.

Duk wannan wasa ne a kan abin da mai manhaja ke gani a wurin mai ba da aiki. Ana kiran yaro ofis a titin Ahmadu Bello.

"Manhaja nake so."

"Wace iri, ranka ya daɗe?"

"Irin ta Jumia, amma a sa mata WhatsApp a ciki, kuma a riƙa biyan kuɗin makaranta."

"Nawa aka ware wa aikin, Alhaji?"

"Haba, ai kai ɗana ne. Fara tukuna. Yi dai yadda ka ga ya dace."

Yaro zai yi yadda ya ga ya dace. Ranar nuni Alhaji zai gyara zama ya ce ma sha Allah, ta yi kyau, sai dai ɗan ƙaramin gyara: a ƙara girman hotonsa, a mayar da shuɗin kore, a cire cinikin a mayar da ita ta 'yan Umra. Mu mutane ne masu kara, ba ma faɗin abin da muke so sai an gama wanda ba ma so. A gida kuma gwaggo na jiransa da wayar da gilashinta ya fashe, aboki na so a shiga masa Facebook ɗin budurwa, dattawan layi kuwa sun daɗe da yanke hukunci cewa wanda ke kwana gaban kwamfuta bai fita ko'ina ba, ɗan Yahoo ne.

Kada dai a ɗauka su yaran waliyyai ne. Taminato ya ce zai dawo, ya kuma dawo, da mota ma. Mai manhaja in ya ce saura kaɗan, ka je ka yi azumi ka yi sallah. In ka kira ka ce abu ya ƙi buɗewa, amsar ɗaya ce daga Malali har Amurka: "Wallahi a tawa kwamfutar yana aiki." Tun da ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022 kuma sun samu yaron aike. Sai su nuna masa kuskurensa, ya ba da haƙuri cikin ladabi, ya ce sun yi gaskiya, ya sake miƙo musu kuskuren nan dai. Ko shekara bai yi da mu ba ya ɗauki halin gari.

Labarin ChatGPT ya kai kunnen Alhaji. Ya kira yaron ya ce ya ji yanzu na'ura ce ke rubuta komai kyauta, saboda haka sai a zauna a rage wani abu daga kuɗin aikin. Kuɗin da ake maganar ragewa, har yau yaro bai ga alat ɗin ko sisi ba.