Bazazzagi Ya Shiga Ajin Daddawa

Sarkin Iyayi na Ƙofar Doka, bawan Kanawa, ina gaisuwa ba don ka isa ba. Labarinka ya riga ka isowa Kano. Wai ka yanki fom da kuɗinka, duk Asabar kana saɓa jaka zuwa wani zaure a Tudun Wada, ana koya maka tarihin abincin gargajiya da sana'o'in hannu. Na ga hoton da ka ɗora a Facebook. Ga ka da doguwar farar hula irin ta kukun otal, kana murmushin nan naka na wanda ya ci bashi bai da niyyar biya, ga muciya a hannunka ka riƙe ta a juye. Mutum ɗari sun yaba, ba wanda ya ji tausayinka ya gaya maka.

Kada ka ce na raina ajin. Wallahi abu ne mai kyau, da a kowace unguwa akwai irinsa da mun ji daɗi. Ɗalibin ne dai nake tababa. Kai ne fa wanda in Inna ta buɗe kwandon daddawa kake toshe hanci ka ruga zaure, kana cewa za a ɓata maka kayan makaranta. Shekara da shekaru tsohuwar nan tana dafa kalwa a tsakar gidanku, wuni guda wuta na ci a gindin tukunya, ta sauke ta surfa a turmi, ta wanke ta rege, ta sake dafawa, ta juye a kwando ta lulluɓe da ganye da tsumma, ta ajiye a lungu har kwana uku sai ta ruɓa ta yi yauƙi, sannan a kirɓa a mulmula a shanya. Duk a kyauta, har da ɗumamen safe. Ba ka taɓa tura mata itace ɗaya ba. Yau ga ka da biro da littafi kana rubuta "mataki na ɗaya". Bazazzagi ke nan, abu in ba a sa masa allo da rajista ba bai zama ilimi ba.

Wanda ya kawo mini rahoto, kuma ɗan garinku ne, don ku ba kwa rufa wa juna asiri, ya ce ranar farko tun malama ba ta gama sallama ba ka ɗaga hannu. Ka miƙe ka gyara babbar riga, ka sanar da aji cewa tuwon masara da miyar tumatir mai attaruhu shi ne abincin Zazzau tun kaka da kakanni, da shi aka yi ƙarfin gina ganuwa. Kai, Farfesa! Zauna in ba ka karatun da ka biya wa kuɗi ba ka saurara ba. Masara da tumatir da barkono da rogo da gyaɗa duk 'yan ci-rani ne daga nahiyar Amurka. Ba su san hanyar Afirka ba sai bayan da Kwalambas ya tsallaka teku a 1492, jiragen Turawan Fotugal suka riƙa sauke su a bakin ruwa, suka yi ta tattaki har suka iso mu. Lokacin da Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwar Kurmi, ko kwano ɗaya na masara ba a auna a cikinta ba. Gero ne da dawa da wake da gujiya, miya kuwa kuka da kuɓewa da yakuwa, yajinta masoro da kimba da citta, daddawa ce uwar tukunya. Dunƙulen nan da ba ka iya cin abinci sai da shi, sunan wani Bature ɗan Suwizalan ne a jikinsa, Julius Maggi. Shi kam ko kai ba za ka ce Sarauniya Amina ta san shi ba. Ko za ka ce?

Na san abin da ke bakinka: to ai dalar gyaɗar da Kanawa ke tinƙaho da ita ma baƙuwa ce. Na yarda. Sai dai mu in baƙo ya sauka, sana'a muke nema masa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kuma ta ƙofar gidanku ya biyo. Kuka tsaya kuna ɗaga masa hannu kuna gyara wa direba Turanci, su Alhassan Ɗantata suka cika shi da buhuna.

Sai kuma ranar da ajinku ya yi hayar bas zuwa marinar Ƙofar Mata. Ka shigo gari ba ka neme ni ba, don kada in ce ka sayi goro. Ba komai, marina sun ba ni labari. An nuna muku allon da ke cewa tun 1498 ake rini a wurin, ka ce sai ka ga takardar shaida. Marini ya yi haƙuri da kai, ya nuna muku yadda ake haɗa baba da toka da katsi a karofi, a bar shi ya yi kwanaki yana tsima har ya yi kumfa. Ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, ya fito kore-kore, kana ganin haka ka ce rinin bai kama ba, a mayar wa mai kaya kuɗinsa. Mutumin bai tanka ba, ya dai riƙe ƙyallen a iska, a kan idonka ya rikiɗe ya koma shuɗi. Iska ce ke ƙarasa aikin, shi ya sa ake tsomawa a ɗaga, a tsoma a ɗaga, har launin ya kai inda ake so, kafin a kai wa masu bugu su doke shi ya yi ƙyalli. Kayan da Baturen nan matafiyi Barth ya gani a Kano a 1851 ya rasa bakin yabo, kayan da Buzaye ke naɗawa har ya rine musu fuska, shi ka zo dubawa da farar shadda, ka kuma ce sai ka gwada da hannunka. An ce har Jumu'ar da ta biyo baya da hannun hagu kake ɗaga wa mutane gaisuwa.

To, kada ka yi kuka, ku ma kuna da abin nunawa. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Jumu'ar Zariya da ƙasa da azara tun ƙarni na 19, har gobe masana gine-gine na zuwa su ɗaga kai su saki baki. Wannan ko Bakano ya cire masa hula. Ka dai lura ba a taɓa jin ya nemi satifiket ba, kai kuwa an ce tun mako na biyu kake tambaya ko na ajinku zai zo da hatimi.

Tambaya ɗaya nake so ka kai wa masu shirya ajin, tunda bakinka ba ya gajiya. Dattijuwar da suke ɗaukowa daga cikin birni ta nuna muku kirɓin fura da kaɗin auduga da mazari, nawa suke ba ta? Na ji masu kwamfuta da majigi su ne a kan kujera, ita tana tabarma, in an tashi a damƙa mata kuɗin mota da ragowar lemo. Ita ce littafin da kuke kwafa. Ka ce Bakano ya ce a biya ta kamar yadda ake biyan lakcara, mu mun san farashin kaya.

Na kuma ji ranar 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, za ku baje kolin abin da kuka koya, kuma kai aka ba tuƙin tuwon dawa. Zan zo, a ajiye mini kujerar gaba. Zan taho da gurasata daga Jakara a cikin jaka saboda halin rayuwa, da kanwa ko wani zai buƙata. Ka tanadi kuɗin sharata na bana da na bara, kuma kada ka ce za ka biya da daddawar da ka yi da hannunka.