Haɗin Gwiwa: "Ai Mu 'Yan'uwa Ne, Wace Takarda Kuma?"

A baki, ba wanda ya kai Bahaushe son haɗin kai. Da an taɓa shi zai ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Amma a ce ya kawo jarinsa a haɗa a buɗe shago, sai ya gyara hula ya ce bari ya yi shawara. Wannan shawarar ba a gama ta.

Kakanni sun san halin kayansu. Shi ya sa a tsarin gandu, bayan gonar gida da kowa ke noma wa, ake yanka wa saurayi gayaunarsa. A gandu ciwon baya ke kama shi tun da hantsi. Da yamma, a gayauna, ya warke sarai.

Mai cin gashin kansa a Kantin Kwari ko Farm Centre yana shan daɗi, ba ƙarya. Shi ne manaja, shi ne akanta, shi ne mai shara. Ba mai tambayarsa daga ina kuɗin balangun jiya suka fito. Sai dai ana kiran azahar kamfani ya tsaya cak: a gitta benci a ƙofa, a ce wa maƙwabci "ɗan duba min". Zazzaɓi ya kwantar da shi, kamfani ma ya kwanta. Littafin bashi kuwa a kansa yake, don haka ranar da ta Allah ta kasance, masu bin sa bashi za su cika zaure, waɗanda yake bi su zo ta'aziyya, su yi doguwar addu'a, su sa takalmi.

Ita kanta doka sai da ta gaji. Dokar kamfanoni ta Najeriya ta 1990 ta ce sai mutum biyu za su kafa kamfani. Sai ga Hajiya tana tuƙa tuwo a madafa alhali darakta ce a takarda, ba ta ma sani ba. Sabuwar dokar 2020 ce ta yarje wa mutum ɗaya ya yi rajista shi kaɗai, Hajiya ta yi ritaya ba garatuti.

Masu haɗin gwiwa kuma da fara'a suke somawa. Wannan ya kawo kuɗi, wancan ya kawo "sanin kasuwa", kuma a gaskiya shagon ya fi cika, ba a rufe shi don ɗayansu ya tafi suna. A ce a rubuta yarjejeniya, sai ran kowa ya ɓaci: "Haba, ai mu 'yan'uwa ne, wace takarda kuma?" Alhali ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, kan rubuta bashi da kafa shaidu take magana. Bayan sallah ɗaya, mai sanin kasuwa ya sayi sabon babur. Mai kuɗi ya ce "Allah ya sa alheri", ya koma gida ya kwana yana lissafi. Daga nan sai gaisuwa ta gajarce, sai mai unguwa, sai gaban alƙali, inda abin da za a fara tambaya shi ne takardar nan.

Ba mu kaɗai ba ne. A Jamus, wa da ƙani, Rudolf da Adolf Dassler, tare suke ƙera takalma har suka ɓata a 1948. Wan ya kafa Puma, ƙanin ya kafa Adidas, kogi ya raba masana'antunsu a gari ɗaya, mutanen garin suka koma sai sun leƙa takalmin mutum kafin su sake da shi.

Gudun haɗin gwiwar ma yana da kuɗinsa. Ronald Wayne, na ukun waɗanda suka kafa Apple a 1976, ya ji tsoron bashin abokansa ya hau kansa, ya sayar da kasonsa, kashi 10 cikin 100, kan dala 800. Da a Kano ne, har yau danginsa na nan suna rantsuwa sammu aka yi masa.