Fasinjojin Motar Damagaram

Duk malamin da ya taɓa raka ɗalibai daga Daura zuwa Damagaram ziyarar karatu ya san kafin a kai Kwangwalam halin kowa ya gama fitowa.

Akwai Na-Barci, wanda tun daga Mai'aduwa zai jingina kai da taga, sai jandarma ya ƙwanƙwasa gilashi a Ɗan Barto zai farka yana tambayar ko an iso. Akwai Sarkin Hoto: a ƙofar fadar Sarkin Damagaram fuskarsa ce ke cika hoton, fadar kuwa ta samu ɗan lungu. Akwai Bafaranshe, jarinsa kaf "bonjur" da "marsi", amma ya dage sai ya yi mana tafinta a garin da kowa Hausa yake yi. Masu zuwa don kilishi kaɗai ba zan taɓa su ba, jakata ma har yau tana ƙamshi.

Gwanina dai Malam Tambaya ne. Ana isa matatar mai ta SORAZ a Bakin Birji ya zaro littafi da biro biyu. Injiniya ya yi bayani tiryan-tiryan: an buɗe ta a 2011 tare da kamfanin CNPC na ƙasar Sin, an gina ta don tace ganga 20,000 a rana, ɗanyen man kuma ta bututu yake zuwa daga Agadem. Rana ta take, hular kwano na dafa kai, ciki na kiran ciroma. Sai hannu ya tashi. "Ranka ya daɗe, tambayata gajeriya ce, amma kashi uku ce." Kashin farko godiya, haɗe da tarihin fetur tun daga Oloibiri. Na biyu amsa ce ya ba kansa. A na uku ya gyara murya, ya dube mu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "To shi ɗanyen man, daga ina kuke samo shi?" Bawan Allah injiniya ya sake daga farko, gogan yana rubutawa yana gyaɗa kai.

Duk waɗannan ana dariya a wuce. Wanda ke ɓata mini rai shi ne Mai Raini. Tun daga Matamaye yake taɓe baki: hanya ba ta yi ba, gari ba ya ci gaba, "mu a Najeriya" kaza da kaza, a gaban mutanen da suka shimfiɗa mana tabarma suka kawo fura. Ya manta bayan jihadi sarakunan Daura na Zango da Baure ƙarƙashin inuwar Damagaram suka zauna. Ya manta sefar da ke aljihunsa da damin naira ya saye ta. Da wayarsa ta mutu kuwa, ba kunya, gidan mai masaukin da ya gama zagi ya miƙa ta caji.