Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Yajin Aiki

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta yaro ga babba, ina fatan kana hutawa lafiya a duk inda ka ya da zango. Na ce babba domin ka girme ni nesa ba kusa ba. A 1988, zamanin Janar Babangida, ka rufe jami'o'in ƙasar nan har gwamnati ta haramta ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU saboda kai. Farfesa Attahiru Jega, wanda ya shugabanci ƙungiyar a wancan zamani, ya je ya riƙe Jami'ar Bayero, ya riƙe hukumar zaɓe, ya sauka, kai kuwa kana nan daram. Malaman da ke koyar da mu yau, da yawansu a hannunka suka yi nasu digirin.

Ba zan roƙe ka ka daina zuwa ba. Waɗanda suka fi ni baki sun roƙa, har da sarakuna da limamai. Roƙona shi ne a sa sunanka cikin jadawalin karatu a hukumance, a buga shi a takardar shiga jami'a, domin da aka ce wa mahaifina karatun shekara huɗu ne, lissafin shekara huɗu ya yi, ya sayar da abin da zai sayar. Babu wanda ya gaya masa akwai wani kwas na dole wanda ba shi da malami, ba shi da aji, amma ya fi kowane kwas tsawo.

Dubi tarihinka. A 2013 ka zauna daga Yuli zuwa Disamba. Ka dawo a Nuwamban 2018 ka kai Fabrairun 2019. A 2020 kuka haɗa baki da korona, wata tara. A 2022 ka sauka ran 14 ga Fabrairu, ka tashi ran 14 ga Oktoba, wata takwas cif, shi ma sai da kotu ta sa baki. Wanda ya shiga jami'ar tarayya a 2019, wata goma sha bakwai ka karɓa daga rayuwarsa ba ko rasit.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda kake sallama. Sau da yawa sai ka ce gargaɗi ne, mako biyu, ko mako huɗu. Da jin haka muka ɗauki jaka ɗaya muka tafi gida, muka bar katifa da risho da rabin buhun wake a ɗaki. Da muka dawo, ƙwari sun mai da waken gari, ɓeraye sun karance handawut ɗina har shafin ƙarshe, damina ta leƙo ta taga ta bar wa katifa fumfuna. Ban gama shara ba sai ga mai gidan haya da littafinsa. Na ce, "Alhaji, ai ko kwana ban yi a ɗakin nan ba." Ya ce, "Yaro, ni ban tafi yajin aiki ba." Gaskiyarsa. Wata goma sha biyu ne shekararsa, ko da lakca ko babu. 'Yan hostal kuma, da ake cusa mutum goma a ɗakin mutum huɗu, masu gado da masu raɓe, sun tarar da kuɗin cizo na jiransu. Ashe ƙwaron nan yana iya watanni bai sha jini ba. An hana malamai albashinsu da sunan ba aiki ba biya, amma shi kuɗin cizo a daren farko ya karɓi ariyas ɗinsa kaf.

Kada ka ce ni butulu ne. Na san zuwanka na 1992 ya haifar da harajin ilimi da aka ɗora a kan ribar kamfanoni, asusun da ya koma TETFund a 2011. Kusan duk ɗakin lakca mai kyan gani da na taɓa zama a ciki, sunan asusun ne a bangonsa. Na kuma ga malami mai digiri uku yana karɓar shinkafa bashi a shagon unguwa. Ba na ganin laifinsa in ya fusata. Sai dai yarjejeniyar 2009 tsakanin gwamnati da ASUU, da ka yi ta zuwa dominta, an kafa mata kwamitin Babalakin, an kafa na Munzali Jibril, an kafa na Nimi Briggs, a kowane zama akwai kujerar minista, akwai ta shugaban ƙungiya, akwai ruwan roba da shayi. Ɗalibin da ake yanka shekararsa a kan teburin, a rediyo yake jin yadda aka tashi.

Tafiyarka ma ba sauƙi ba ce. Kana juya baya sai a matse zangon karatu kamar kayan ɗan koli a jaka guda: lakca ƙarfe bakwai na safe, lakca Asabar, tes Lahadi, jarrabawa kafin mutum ya gane sunan kwas. Mu kwana a aji da fitilar waya, mu haddace, mu zubar a takarda, mu manta a bakin ƙofa. Sannan a ce ɗaliban yanzu ba su san komai ba.

Ajinmu ma bai dawo yadda ya tafi ba. Wasu 'yan matan sun dawo da goyo, Allah ya raya. Wani ya buɗe shagon POS, ya ji daɗin ciniki, har yau ba mu sake ganinsa ba. Mai unguwar ajinmu kuwa, wanda ya shigo da ɗan shekarunsa, yana ƙirga watannin da suka rage ya cika talatin, domin daga nan hukumar bautar ƙasa takardar yafewa za ta miƙa masa, ba kaki ba alawus.

Saboda haka, ranka ya daɗe, in za ka sake zuwa, ka aiko da sanarwa wata uku kafin nan, mu cinye abincinmu, mu ƙi sabunta haya. Ka faɗi gaskiyar kwanakin da za ka yi. In da hali kuma, ka riƙa zuwa da damina, ko ba komai a samu hannu a gona.

Ka gaida kwamiti na gaba.

Naka mai biyayya ba don yana so ba,
Ɗalibin aji uku, a shekararsa ta biyar.